Karatun Halayyar Ɗan Adam A Ingila: A Yi Tambaya Kafin A Sayar Da Gona

A 'yan shekarun nan matasanmu da yawa, maza da mata, sun sa ransu ga karatun da ake kira saikoloji, watau ilimin halayyar ɗan Adam, da dama daga cikinsu kuwa ba su da wani buri sai su yi shi a Ingila. Dalilinsu mai kyau ne. Sun tashi a Jos, da Kafanchan, da Mubi, da Biu, sun ga abin da tashin hankali ke bari a zuciyar mutum bayan an binne matattu an sake gina gidaje: gwauruwar da ba ta iya barci, yaron da ya daina magana, saurayin da ya koma ga ƙwaya. Suna so su koyi yadda za su taimaka. Iyaye kuma, da yake ba wanda ba ya son ɗansa ya ci gaba, sukan sayar da gona ko fili, a ci bashi, wani lokaci har a kai maganar gaban dattawan ikkilisiya a yi baiko na musamman.

Ra'ayina a kan wannan shi ne, karatun yana da amfani ƙwarai, muna kuwa bukatar masu shi, amma tura yaro Ingila domin digirin farko a wannan fanni da kuɗin da aka tara da ƙyar, kasada ce wadda bai kamata yawancin gidajenmu su shiga ba. Abin da ya fi shi ne ya yi digirin farko a gida, ya taɓa aiki, sa'an nan ya nemi fita da tallafin karatu. Ga dalilaina, ga kuma shawara domin wanda zai tafi duk da haka.

Wane Irin Karatu Ne Wannan?

Da farko mu san abin da za a je a karanta. Waɗansu suna tsammani wanda ya karanta saikoloji yana iya duban fuskarka ya faɗi abin da ke zuciyarka, waɗansu kuma suna ɗauka likitan masu taɓin hankali ne. Duka biyu ba haka ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa, wanda ke rubuta magani a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, ko na Maiduguri, ko na Kware a jihar Sakkwato, cikakken likita ne, sai da ya gama karatun likita tukuna ya ƙware a wannan ɓangare. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa bai bi ta makarantar likita ba, ba ya kuma rubuta magani. Iliminsa ya shafi yadda mutum ke gani da ji, yadda yake koyo da tunawa da mantuwa, yadda yaro ke girma, da yadda taron jama'a ke juya halin mutum ɗaya.

Tun daga 1879, sa'ad da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji na farko na wannan ilimi a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus, masu fannin suka kama hanyar kimiyya, watau a gwada, a auna, a ƙirga. Shi ya sa ɗalibin shekarar farko yakan tarar da abin da bai zata ba. Kusan kowane mako akwai darasin ƙididdiga da dabarun bincike, inda ake zama gaban kwamfuta ana sarrafa alkaluma da manhajoji irin su SPSS ko R. Akwai darasin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda bayoloji ne zalla. Akwai rubuta rahoton gwaji bisa wani tsari da ba a yarda a kauce masa ba. Darasin cututtukan zuciya da hanyoyin ba da shawara, wanda shi ne ya ja hankalin yaron tun farko, ɗan kaɗan ne a cikin shekara uku. Jami'o'i da yawa ba sa ma duban takardun wanda ba shi da kiredit a lissafi. Saboda haka yaron da ya zaɓi saikoloji domin ya huta da lissafi, ya gudu ne bai tsira ba.

Akwai kuma iyayen da ke tsoron karatun zai raba yaro da bangaskiyarsa, domin sun ji labarin Sigmund Freud, wanda ya ɗauki addini ruɗin zuciya ne. Freud ya mutu a Landan tun 1939, a yawancin sassan saikoloji na yau kuwa a darasin tarihin fannin ake ambatonsa a wuce. Abin da ya fi gwada yara a can shi ne kaɗaici da rashin kuɗi.

Digirin Farko Bakin Ƙofa Ne

A nan ne yawancin iyaye ke ruɗewa. Wanda ya gama karatun aikin jinya ya yi rajista yana iya kama aiki a asibiti nan da nan. Saikoloji ba haka yake ba. A Birtaniya, tun 2009, doka ta hana kowa ya kira kansa masanin saikoloji na asibiti, ko na makarantu, ko na ba da shawara, sai hukumar rajistar ma'aikatan lafiya da ake kira HCPC ta sa sunansa a littafinta. Hanyar zuwa wurin kuwa hawa uku ce.

Hawa na fari, digirin farko wanda ƙungiyar masana saikoloji ta Birtaniya, watau BPS, ta amince da shi. Shekara uku ne a Ingila, huɗu a Sikotilan. Dole ɗalibi ya fita da aƙalla daraja ta biyu ta ƙasa, ya kuma ci aikin bincikensa na shekarar ƙarshe. Idan kwas ɗin ba ya cikin waɗanda BPS ta amince da su, sai an sake wani karatu na shekara guda, da wani kuɗin, kafin a shiga layi. Hawa na biyu, aikin sanin makama a asibiti ko makaranta ko wurin kula da marasa galihu, wanda yakan ci shekara ɗaya, ko biyu, ko fiye. Hawa na uku, ga mai son aikin asibiti, digirin dakta na shekara uku. In an tara, shekara bakwai ko takwas ke nan ga wanda bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Wannan hawa na uku shi ne mai wuya. Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, ita ke biyan kuɗin karatun tana kuma ba ɗalibai albashi, gama ma'aikatanta take horarwa. Don haka guraben na waɗanda ke da izinin zama da aiki a ƙasar ne ba tare da wani sharaɗi ba. 'Yan ƙasar ma da kansu, a cikin huɗu ko biyar da suka nema ɗaya ke samu, da yawa sai sun nema shekara da shekaru. Jami'o'i kaɗan ne ke karɓar baƙon da zai biya wa kansa, kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. A Amurka ma, a kusan dukan jihohi, mai digirin dakta ne kaɗai ake ba lasisin wannan aiki.

Ma'anar wannan ita ce, yaron da aka kashe masa dukiyar gida zai fito bayan shekara uku da takarda mai kyau, amma ba zai iya zama da majinyaci ko ɗaya da sunan ƙwararre ba. Yawancin 'yan ƙasar da suka gama wannan digiri sukan shiga waɗansu ayyuka ne, kamar koyarwa, da ofishin kula da ma'aikata, da tallace-tallace, da gidajen kula da tsofaffi. Ba abin kunya ba ne, amma ba domin wannan aka sayar da gonar ba.

Mu Yi Lissafi

Kuɗin makaranta ga baƙo a wannan fanni yana farawa daga kimanin fam 15,000 a shekara a ƙananan jami'o'i, a manyan kuwa yakan wuce fam 30,000. Kafin a ba da biza, gwamnatin Birtaniya tana so ta ga kuɗin shekarar farko tare da kuɗin zama na wata tara a asusun ɗalibi ko na iyayensa, sun kuma yi kwana 28 a jere ba su ragu ba. Daga Nuwamba 2025 kuɗin zaman da ake nema fam 1,171 ne a wata ga wanda zai zauna wajen Landan, fam 1,529 ga na Landan. Akwai harajin lafiya, fam 776 na kowace shekara tun daga Fabrairu 2024, wanda ake biya dunƙule tun kafin tafiya. Kuɗin bizar kanta fam 524 ne a 2025. Ban sa kuɗin jirgi, da gwajin tarin fuka, da rigunan sanyi ba.

Mu ɗauki jami'a mai sauƙi, ta fam 16,000 a shekara. Shekara uku fam 48,000 ke nan. Kuɗin zama, ko da na wata tara kawai aka ƙirga a kowace shekara, ya wuce fam 31,000. Da harajin lafiya da biza, jimla ta haura fam 80,000. A 2025 fam ɗaya ya yi ta kai-komo a kusa da naira 2,000, watau muna maganar naira miliyan 160 ko fiye. Ma'aikacin da ke karɓar albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 da aka sa a 2024, sai ya yi shekara 190 bai ci bai sha ba kafin ya tara wannan. Har wa yau, yawancin jami'o'in Ingila ba sa ɗaukar mai takardar WAEC ko NECO kai tsaye zuwa shekarar farko, sai ya yi shekara guda ta share fage, wadda ita ma da nata kuɗin.

Wani zai ce ai yaron zai yi aiki ya taimaki kansa. Bizar ɗalibi ta yarda da aikin sa'a 20 ne kawai a mako lokacin da ake karatu. A 2025 mafi ƙarancin ladan sa'a ɗaya ga mai shekara 18 zuwa 20 fam 10 ne, watau fam 200 a mako in ya sami aikin ya kuma cika sa'o'in. Wannan bai ma kai kuɗin zama ba, balle na makaranta. Wanda ya wuce sa'o'in da aka ƙayyade kuwa ya sa bizarsa cikin haɗari.

Abin da ya fi tsoratarwa shi ne, da naira muke tarawa, da fam ake biya. A farkon 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Da aka saki naira a Yuni na wannan shekara, kafin watanni tara su cika ya ninka har sau uku. Iyalan da suka yi lissafi daidai, suka ajiye kuɗin da ya isa, sun wayi gari abin da ke hannunsu bai kai rabin bukata ba. A Mayu 2024 duniya ta ji labarin waɗansu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu saboda sun kasa biya a kan lokaci, har aka umarci waɗansunsu su bar ƙasar. Ba rashin ƙoƙari ne ya kai su ga haka ba, canjin kuɗi ne.

Dokokin su ma ba sa zama wuri ɗaya. Daga Janairu 2024 aka hana yawancin ɗalibai tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya, sai masu karatun bincike mai zurfi da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Izinin zaman aiki na shekara biyu bayan gama karatu, wanda aka buɗe a 2021, gwamnati ta sanar a 2025 cewa za a rage shi zuwa wata 18 daga Janairu 2027. Wanda ya shiga karatun shekara huɗu bai san dokar da zai tarar ranar fita ba.

Abin Da Ke Gida

Ba jiya aka fara koyar da saikoloji a Nijeriya ba. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen farko a 1964. Jami'ar Jos ta daɗe tana da nata, akwai kuma a jami'o'in jiha da ke Makurdi da Keffi, ban da Ibadan da Legas da Ife. Abin da ake koyarwa a digirin farko kusan iri ɗaya ne ko'ina a duniya, gama littattafan ɗaya ne, ƙididdigar ɗaya ce.

Na san abin da za a ce mini. Malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata tara a 2020, suka sake yin na wata takwas a 2022. Azuzuwa sun cika, ɗakunan gwaji ba kaya, wuta ba ta tsayawa. Duk gaskiya ne, ba kuwa zan ce karatun Jos da na Manchesta ɗaya ne wajen kayan aiki ba. Amma a ɗora a ma'auni: asarar shekara guda ga yajin aiki a gefe ɗaya, asarar gonar gado da komowa ba takarda a ɗaya gefen. Ɗalibi mai himma a yau yana iya cike giɓi mai yawa da waya da intanet, domin manhajar R kyauta ce, darussan ƙididdiga da maƙalun bincike masu yawa ma kyauta ne.

Babban dalili kuwa shi ne tallafin karatu. Manyan tallafin da Birtaniya ke bayarwa, na Commonwealth da aka kafa a 1959 da na Chevening da aka kafa a 1983, na masu neman digiri na biyu ko na uku ne, ba sa ɗaukar mai neman digirin farko. Chevening yana biyan kuɗin makaranta da na zama da na jirgi domin karatun shekara guda, yana neman wanda ya yi aiki na shekara biyu, yana kuma sa sharaɗin komowa gida na aƙalla shekara biyu. Yarinyar da ta gama Jos da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa, ta yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira ko asibitin mishan, tana da labarin da masu ba da tallafi ke nema. Za ta tafi ta san abin da ta je nema, da shekarun da za ta iya riƙe kanta, ba kuma da bashi a wuyan iyayenta ba. Wanda ma ya karanta wani fanni dabam, kamar koyarwa ko tauhidi ko aikin jinya, akwai digiri na biyu na shekara guda da aka shirya musamman domin masu sauya sheƙa zuwa saikoloji, BPS kuma ta amince da da yawa daga cikinsu.

Ga Wanda Zai Tafi Duk Da Haka

Akwai gidajen da Allah ya hore wa, akwai kuma yaran da wani dangi a can ya ɗauki nauyinsu. Ga irin waɗannan, ga abin da za a kiyaye.

A fara da duba jerin kwasa-kwasan da BPS ta amince da su a shafinta na intanet. A duba sunan kwas ɗin kansa, domin jami'a ɗaya tana iya samun wanda aka amince da shi da wanda ba a amince ba. A kuma tabbata jami'ar tana cikin jerin waɗanda gwamnati ta ba izinin ɗaukar baƙi.

Neman shiga digirin farko ta hannun hukumar UCAS ake yi, a takarda ɗaya ana iya zaɓen kwas har biyar. Wanda ya miƙa tasa kafin wa'adin watan Janairu ana duba shi daidai da kowa. Baƙo yana iya nema har ƙarshen Yuni, amma saikoloji na cikin fannonin da aka fi rububi, gurabe na iya cika. Ana bukatar wasiƙar shaida daga malamin da ya koyar da yaron, da bayanin kai, wanda tun daga masu shiga a 2026 aka mayar da shi tambayoyi uku: me ya sa kake son wannan karatu, yaya karatunka na baya ya shirya ka, me kuma ka yi a wajen aji da zai taimake ka. Kusan kowa yakan rubuta cewa yana son taimakon mutane, masu dubawa sun gaji da jin haka. Wanda ya koyar da yara a makarantar Lahadi, ko ya yi jinyar kakarsa mai mantuwa, ya faɗi abin da ya lura da shi, da tambayar da ta taso masa, da abin da ya karanta domin neman amsa. Ya rubuta da kansa, gama ana tace bayanan domin kama na kwafe. Wajen Turanci, jami'o'i da yawa suna karɓar kiredit na WAEC a madadin jarrabawar IELTS, amma a tambayi kowace jami'a nata sharaɗin.

A yi hankali da dillalai. Yawancinsu jami'o'i ne ke biyansu la'ada a kan kowane ɗalibin da suka kawo, don haka inda la'ada ta fi tsoka nan za su tura yaro. Kada a biya kuɗin makaranta ta asusun kowa sai na jami'ar. Kada kuma a yarda da wanda zai ce zai shirya takardar banki. Wanda aka kama da takardar ƙarya ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara goma, ban da zunubin da ke ciki. Bayan jami'a ta gamsu za ta ba da lambar shaidar karɓa da ake kira CAS, da ita ake neman biza, ana kuwa iya nema tun wata shida kafin fara karatu.

Watanni Uku Na Farko

Ana buɗe makaranta a ƙarshen Satumba. Makon farko na zagaye ne da sabawa, a cikinsa ya kamata ɗalibi ya yi rajista da likitan unguwa, ya kuma san malamin da aka ba shi ya zama mai kula da shi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, matambayi kuwa ba ya ɓata. Yaranmu sun saba da sunkuyar da kai a gaban malami, a can kuwa wanda bai yi tambaya ba ana ɗauka ya gane. Sa'o'in aji kaɗan ne a mako, sauran karatun a wuyan ɗalibi yake, ba mai bin sa da bulala. Amma ana ɗaukar sunan masu zuwa aji, jami'a kuma tilas ta kai rahoton baƙon da ya daina zuwa ga ma'aikatar cikin gida.

Maki ma zai ba shi mamaki. Arba'in ne ci, saba'in daraja ta ɗaya ce. Yaron da ya saba da tamanin da casa'in a sakandare, ya ga an ba shi 58 a rubutunsa na farko, sai ya ɗauka ya lalace, alhali kuwa ya fara da kyau. A yawancin jami'o'in Ingila makin shekarar farko ba ya shiga sakamakon ƙarshe, an bar ta ne domin koyo. Abin da ba a yafewa shi ne kwafe maganar wani ba tare da faɗin mai ita ba, ko sa na'ura ta rubuta maka aiki. Haddace littafi a mayar wa malami, wanda a gida ake yabo, a can laifi ne da kan kai ga kora.

Sai kuma sanyi da duhu. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. 'Yan ƙasar sukan watse zuwa gidajensu domin Kirsimeti, baƙo ya rage shi kaɗai a ɗaki. Masani Kalervo Oberg ya bayyana a 1960 yadda baƙunta ke gigita mutum, daga murnar farko zuwa ƙunci, kafin a saba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ga ɗalibai da yawa ƙuncin tun makonnin farko yake farawa. Ɗalibin saikoloji yana da ƙarin nauyi, domin zai zauna a aji ana bayanin abin da kisa da ƙone-ƙone ke yi wa zuciya, shi kuwa da idonsa ya gani. Jami'o'in suna da masu ba da shawara kyauta, zuwa wurinsu ba gazawa ba ce. Ya nemi ikkilisiya tun Lahadin farko, kada ya jira sai ya shiga matsala.

Iyaye kuma, ku kula da irin tambayar da kuke yi a waya. Yaron da ya san an sayar da gona saboda shi ba ya iya buɗe baki ya ce yana shan wuya. In kullum tambayar ita ce nawa ka ci, yaushe za ka fara aiko da kuɗi, zai yi ta cewa lafiya lau har ranar da abin zai fi ƙarfinsa. Ku tambaye shi ko yana barci, ko yana cin abinci, ko ya yi aboki.

A Tafi Da Kunnen Gida

Akwai dalili na ƙarshe da ya sa nake so yaro ya fara a gida. A 2008 wani masani mai suna Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun saikoloji, ya tarar kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na jama'ar duniya. Watau abu mai yawa da littattafan ke kira halin ɗan Adam, a kan Turawa aka auna shi, galibi ma ɗaliban jami'a. Tsohuwa a ƙauyenmu ba za ta zo ta faɗi sunan cuta ba. Za ta ce gabanta na faɗuwa, kanta na zafi, tunani ya yi mata yawa. Wanda ya bar gida yana shekara 18, ya koyi dukan iliminsa da Turanci a kan Turawa, zai komo da kayan aiki masu kyau, amma sai ya sake koyon sauraro.

Waɗanda suka yi abin kirki a nahiyarmu sun haɗa biyun ne. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, a Ingila ya yi karatu, amma da ya komo Aro kusa da Abekuta, a 1954 ya fara saukar da majinyata tare da danginsu a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, maimakon a kulle su. Duniya ta zo ta koya daga wurinsa, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa da harshensu na Shona, inda sunan ciwon shi ne yawan tunani, kamar yadda mu ma muke faɗa. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna hanyar tana aiki.

Bukatarmu babba ce. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 tana da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa kawai. Sai a Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka ba ta zama da majinyaci, mutane ne ke zama, mutanen kuwa sai an horar da su.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan yaro ya zo da maganar wannan karatu, kada a kashe masa gwiwa, kada kuma a yi gaggawar kiran mai sayen fili. A zauna da shi a tambaye shi ko ya san lissafin da ke ciki, ko BPS ta amince da kwas ɗin, wa zai biya shekara ta biyu da ta uku idan naira ta sake faɗuwa, wane aiki kuma takardar za ta ba shi ranar da ya gama. Dattawan ikkilisiya ma, kafin a sanar da baiko, su nemi amsar waɗannan. Kuɗin da zai riƙe yaro ɗaya shekara guda a Ingila zai iya koyar da yara da yawa a Jos ko Keffi har su gama, a cikinsu kuwa za a sami waɗanda za su fita da tallafi su komo su yi mana aiki. Allah ya ba iyaye hikima, ya kuma kiyaye 'ya'yanmu da ke baƙunta.